An ce in bar shi a gida ranar biki

Maman Abba, Garwa
Assalamu alaikum. Na fi shekara a wannan zaure ina karatu ban taɓa tofa komai ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina da yaro ɗan shekara 6. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tokare shi, hannuwansa suna murɗewa su yi ta yawo ba da sonsa ba. Maganarsa kuwa mu 'yan gida kaɗai muke ganewa. Lafiya lau na haife shi. Kwana uku idonsa ya koma kamar ƙwanduwar ƙwai, tsofaffi suka ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa shanya shi da hantsi. Muka yi ta shanyawa. Ranar kwana shida ya saki nono, yana wani kuka mai tsini yana banƙarewa kamar baka, sannan aka kwashe mu sai asibiti. Muna can ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka yanka ragon sunansa.

Ba tarihi na zo bayarwa ba. Asabar ta sama za a aurar da ƙanwar maigidana. Jiya Hajiyarsu ta aiko mini da anko nawa da na ƙaramar 'yata, babu nasa. Da na je gaishe ta da yamma sai ta ce in bar shi gida wajen ƙanwata, wai dangin ango daga Gaundare za su zo, kada su ɗauka abin a jini yake. Yaron nan fa sunan mijinta marigayi ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Duk jikokinta maza tana ce musu angona, tana tsokanarsu ina kuɗin cefane. Shi ko sau ɗaya ba ta taɓa ba.

Na faɗa wa babansa, ya ce "ke ma dai kin san Hajiya", ya juya ya kwanta. Don Allah ku ba ni shawara. In bi maganarta, ko in saɓa ɗana mu tafi?

Hajiya Dudu, Marwa
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba ki ladan jinya. Ni dai shawarata ki yi haƙuri ki bi ta. Yini ɗaya ne. Uwar miji ba a ja da ita ranar bikin 'yarta, in wani abu ya ɓaci ke za a ɗora wa har abada. Ga zafin Garwa a wannan wata, ga kiɗa ga cunkoso, shi kansa yaron wahala zai sha.

Ummu Salma
Hajiya ki gafarce ni, ba yini ɗaya ba ne. Yau biki, gobe suna, jibi Sallah. Haka ake farawa har yaro ya shekara 15 a ƙuryar ɗaki maƙwabta ba su san da shi ba. A unguwarmu sai ranar jana'izar wani saurayi muka ji cewa gidan suna da ɗa namiji.

Hajiya Dudu, Marwa
Ban ce a ɓoye shi ba. Cewa na yi a zaɓi ranar da za a yi faɗan. Ke kina da uwar miji kuwa?

Ummu Salma
Har biyu na yi, Hajiya.

Abu Huzaifa
'Yar'uwa kun gwada ruƙya kuwa? Wannan murɗewar da kika kwatanta sau da yawa shafar aljanu ce, musamman ku da kuke kusa da Binuwai. Asibiti ba sa ganin irin wannan a na'urarsu.

Maman Abba, Garwa
Malam, babu abin da ban gwada ba. Rubutu, hayaƙi, turare, wanka da saiwoyi. Akwai wanda muka je wajensa can bayan gari, ya ce ɗan ruwa ne aka musanya mini ranar da na je wanki bakin kogi da ciki. Ni kuwa tun da aka kawo ni Garwa ban taɓa wanki a kogi ba, famfo ne a gidanmu. Ya karɓi jaka 150 da baƙin bunsuru. Keken ɗinkina na sayar na biya. Da ya ga ba sauyi sai ya ce saura abu ɗaya, a kai shi bakin ruwa da asuba a ajiye, a juya baya, in nasu ne zai zama maciji ya shige. Wallahi wata daga cikin dangi ta goyi bayan a yi. Ranar na ɗauki ɗana na tafi gidanmu, sai da na yi wata biyu.

Addu'a kam ban daina ba, kullum sai na tofe shi da Falaƙi da Nasi kafin ya yi barci. Amma kuɗina ba zai ƙara shiga hannun mai bunsuru ba.

Abu Huzaifa
Subhanallah. Wannan ba malami ba ne, boka ne, kuma abin da ya ce a yi kisan kai ne. Ni ruƙyar Alƙur'ani nake nufi, wadda ke da kanki za ki yi ba sisin kwabo.

Malam Buba mai kine
Bari in sa baki, tunda aikina ke nan, kine, wato gashin ƙashi. Maman Abba, ban ga yaron ba, amma abin da kika zayyana mun san shi sarai. Likitocinmu suna rubuta IMC a kati, wasu su rubuta paralizi serebral, wato raunin ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa motsin jiki. Hausawa kuma sun tattara komai sun ce galahanga, da wannan da wanda aka haifa da tawayar fahimta da wanda ba ya son cuɗanya da mutane, alhali kowanne daban yake.

Ga yadda abin yake. Jinin jariri yana da wasu ƙwayoyi da ke fashewa bayan haihuwa, su bar wani sinadari rawaya, hanta ce ke tace shi. In ya yi kaɗan, shi ne shawarar da ke wucewa da kanta, nan tsofaffi suna da gaskiya. In ya yi yawa sai ya haura ƙwaƙwalwa ya lalata wurin da ke sarrafa motsi. Banƙarewar nan da kuka mai tsini da sakin nono, alamar ya riga ya haura ke nan. Shanya jariri a hantsi ba ta isa ta sauke shi ba, ruwan sukari ma haka. Shuɗiyar fitila ce magani, in ya yi tsanani a sauya masa jini. Abin da ke jawo yawansa: saɓanin rukunin jinin uwa da na ɗa, haihuwar bakwaini, ƙwayar cuta, ko ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD wanda ya fi kama maza. Masu wannan ƙarancin, ƙwallon kafur da mata ke zubawa a akwatin kayan jariri kaɗai ya isa ya fasa musu jini. Ku cire kafur daga kayan jarirai don Allah.

Abu biyu nake so ki riƙe. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ya tsaya inda ya tsaya. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi in an bar yaro kwance wuri ɗaya. Na biyu, irin wanda shawara ta jawo, sau da yawa hankalin yaron garau yake, jikin ne ya ƙi bin umarni. Ji ne yakan taɓu, don haka a auna masa kunne in ba a taɓa ba.

Wato duk abin da ake faɗa a gabansa kan zuwa biki, ku ƙaddara yana ji yana ganewa.

Maman Abba, Garwa
Malam Buba ka sa ni kuka. Yana ganewa mana. Da aka kawo ankon, ƙanwarsa ta sa nata tana juyi, ya bi ledar da ido, ya ɗago ya kalle ni. Ce masa na yi nasa yana wajen tela. Yanzu dole gobe in shiga babbar kasuwa in nemo irin yadin.

Maganar kafur kuwa, akwatinsa cike yake da shi lokacin. Ban sani ba. Ƙanwarsa ma ta yi shawarar, amma ita kwana biyu na tayar da rigima sai da aka mayar da mu asibiti, ta kwana uku a fitila, ga ta nan tana lakwal, wato makaranta.

Abu Huzaifa
Malam Buba, duk da haka ba ka isa ka kore aljani ba. Yana cikin Alƙur'ani.

Malam Buba mai kine
Ban kore shi ba Malam, nima da alwalata nake rubutun nan. Abin da na ce, wannan yaron an ga sababin ciwonsa da ido, rawaya ce ta fito kowa ya gani. Ku yi ta addu'a, mu yi ta miƙar da gaɓoɓi, ba mai tare wa wani hanya. Inda muke rabuwa da wasu shi ne a ce a ajiye magani. Da yawa daga cikin yaran nan suna da farfaɗiya, an ɗora su kan fenobarbital ko Dépakine, sai wani ya ce a tsayar a ga aikin rubutu. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya kawo jijjigar da ba ta tsayawa. Na ga wanda aka rasa ta haka.

Baban Nana, Domayo
Ni maza nake so in yi wa magana, don na lura duk an bi ta kan uwar miji an tsallake mai gidan.

'Yata sanƙarau ne ya kama ta tana shekara 2, a bazarar da ta gabaci allurar rigakafin da aka yi mana a 2011. Ta tashi, amma ji ya tafi. Ba zan ɓoye muku ba, shekara uku ina jin nauyin a gan ni da ita. In abokai suka zo shago suka tambayi yara, sai in lissafa sauran in yi shiru. Uwarta ce ke fama, ni nawa in kawo cefane in ce Allah Ya sawwaƙe. Ranar da na farka, na dawo na tarar yaran layi sun kewaye ta suna bebiya bebiya, ɗaya ya sa ganye a baki yana tsokanarta, ita kuwa tana dariya don ta ɗauka wasa ake da ita. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa inda zan sa kaina.

Washegari na ɗora ta a mashin muka tafi shago. Tun daga ranar can take yini in ba makaranta. Daga baya na kai ta Muda, cibiyar Baitalami da ke kan hanyar Marwa zuwa Garwa, inda suke koyar da kurame. Ta iya karatu da rubutu, ta iya maganar hannu, nima ta koya mini ta ƙarfi da yaji. Yau ita ke riƙe mini littafin bashi, kuma ba a cin ta ko dala.

Maman Abba, ki nuna wa maigidanki wannan. Ɗan'uwa, Hajiya mahaifiyarka ce, kai kaɗai za ka iya gaya mata magana ta zauna. In matarka ta faɗa, rashin kunya ne. In kai ka faɗa, shawara ce. Kuma ɗaurin aure ai taron maza ne, wa ya hana ka saɓa shi a kafaɗa?

Abu Huzaifa
Wurin nan na Muda ba na 'yan mishan ba ne? Ba ka ji tsoron aƙidarta ba?

Baban Nana, Domayo
Nasu ne, wani fada ɗan Italiya ya kafa shi. Na ji tsoro, shi ya sa ban yi sake da zuwa dubiya ba, hutu kuma tana gida. Tana sallarta. Malam, ka nuna mini Islamiyya ɗaya a unguwarku mai malamin da ya iya maganar hannu, gobe in kawo ta. Mun iya gina masallaci uku a layi ɗaya, wannan kuwa mun bar wa wasu.

Abu Huzaifa
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, na karɓa. Alhali mu ne aka saukar wa Abasa saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda Annabi (SAW) ya riƙa bar wa Madina in zai fita. Aɗa'u ɗan Abi Rabah da ya zama mai fatawar Makka gurgu ne. Zan ɗaga maganar a kwamitin makarantarmu in sha Allah.

Amma Zara, Njamena
Gaisuwa daga ƙetaren Shari. Tawa 'yar trizomi ce, abin da ake kira Down syndrome da Turanci, irin masu ƙwayar halitta 47 maimakon 46. Ina shekara 24 na haife ta, don haka masu cewa sai tsohuwa ke haifar irinsu su ji, ya fi yawa ga manya amma yana zuwa wa kowa. Da aka gane, likita ya ce a fara duba zuciya, don kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu. Tata lafiya, alhamdu lillahi.

Ni ba na jiran gayyata. Duk sabgar da za ni, da ita nake zuwa, na yi mata lalle na yi mata kitso. Farko ana kallo ana ƙus-ƙus, wata ma ta janye ɗanta wai kada ta shafa masa. Yanzu in na je ni kaɗai sai an tambaye ni ina ƙawarmu. Ido yana gajiya da kallo, 'yar'uwa. Amma in faɗi gaskiya, tawa tana tafiya da ƙafarta, ba ɗaya ba ne da ɗaukar ɗan shekara 6 a baya yini guda. Ke wa ke taya ki? Bayanki fa?

Maman Abba, Garwa
Amma Zara, ke ce ta farko da ta tambaye ni bayana. Ciwo yake kamar ya balle. Ɗan fari ne, ka'ida ko sunansa bai kamata in kama ba, amma kunyar ɗan fari ta ƙare tun ranar da na gane ni ce ƙafarsa. Ƙanwata ce ke kama mini in ta dawo lakwal.

Abincinsa kaɗai awa guda ne. Kunu nake dama masa, in kwantar da shi a cinyata in riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, rabi ya shiga rabi ya dawo, ya yi ta tari. Kusan duk wata biyu sai mun kwanta da ciwon haƙarƙari.

Malam Buba mai kine
Tsaya nan. Wannan ya fi maganar bikin muhimmanci a wajena. Ki daina ba shi a kwance, ki daina ɗura. Tarin nan kunun ne ke bin hanyar iska ya sauka huhu, shi ke kawo ciwon haƙarƙarin da kuke kwanciya. A zaune za ki ba shi, kai a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuyo, kada wuya ya karye baya. Kunun ya yi kauri kamar fate, mai ruwa-ruwa ya fi saurin shaƙewa. Ƙaramin cokali, ki jira ya haɗiye kafin na gaba. Ki zuba masa tunkuza ko man gyaɗa a ciki, don irinsu motsin nan yana cinye musu abinci. In ya gama ya zauna rabin awa kafin a kwantar.

Sai kujera. Ba sai kin jira keken Turai ba. Kafinta zai yi miki mai kusurwa: katako biyu a haɗe a baya kamar lungun ɗaki, su riƙe kafaɗunsa, ɗan turke naɗe da soso tsakanin cinyoyi don kada ya zame, tafin ƙafa ya taka katako daram, sai tebur a gaba daidai gwiwar hannu. Ki auna shi da igiyar tela, daga bayan gwiwa zuwa ɗuwawu, daga gwiwa zuwa diddige. Yaron da ya saba kallon rufin ɗaki, ranar da ya zauna ya ga fuskokin mutane wani yaro ne daban. Kema bayanki zai huta.

Madam Hawwa, Gaundare
Ni malamar firamare ce. Ƙarin bayani kan haƙƙinsa: akwai doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare naƙasassu a Kamaru. Ki nemi takardar likita mai nuna girman naƙasar, ki kai ofishin jin daɗin jama'a na yankinku a yi masa katin naƙasa. Da katin ana sauƙaƙa ko a yafe kuɗin makaranta a makarantun gwamnati. Sai dai ki shirya sintiri, kuma ki shirya jin "ba mu da wurin irinsa". Wani darakta ya taɓa faɗa wa wata uwa haka a gabana, na ce masa wurin tabarma ɗaya ne a gaban aji, ni zan ɗauke shi. Yaron yana amsa tambaya da ido da ɗaga kai, lissafi kuwa ya fi rabin ajin.

Babbar cibiyar gashin ƙashi ta ƙasa tana Yawunde, unguwar Etug-Ebe, mai sunan Kardinal Leje. Amma daga Garwa sai kin yi mota zuwa nan, ki kwana a jirgin ƙasa, ga masauki. Ki fara da kine na kusa da ke.

Af, kuma ni 'yar Gaundare ce. Dangin angon nan da ake jin tsoro, mu ma muna da irin yaran nan a gidajenmu.

Amma Zara, Njamena
Mu ma muna da doka tun 2007, tana nan a takarda tana hutawa. Cibiyar Kabalaye ce dai ke share wa mutane hawaye wajen takalman ƙarfe da ƙafar roba, har daga Kuseri ana tsallakowa.

Hajiya Dudu, Marwa
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana cewa kada ta yi fito-na-fito da tsohuwa. Amma maganar Baban Nana ta shige ni, mijin ne ya kamata ya je. 'Yata, kada ki ce masa "uwarka ta ce". Ki ce masa yaron ya ga anko ya tambaya. Ki bar shi da wannan.

Maman Abba, Garwa
Salamu alaikum, na dawo da labari, ku yi haƙuri da shirun kwana goma.

Na yi yadda Hajiya Dudu ta ce, na kuma tura masa rubutun Baban Nana. Bai ce komai ba. Ko ya je wajen Hajiya ko bai je ba, har yau ban sani ba. Kafinta ya gama kujerar ranar Alhamis, jaka 9, turken ya ɗan yi tsawo sai da aka rage. Ranar Asabar ina shiri sai na ji ana ƙulle-ƙulle a zaure, na leƙa, babansa ne ke ɗaure kujerar a bayan mashin da roba. Ɗaurin auren dai bai je da shi ba. Amma shi ya shigo da kujerar har tsakar gida a gaban mata, ya ajiye, ya fita.

An yi kallo kam. Wata ta tambaye ni a gabansa ko yana jin magana, na ce tambaye shi. Da masu kiɗa suka fara, jikinsa ya ɗauki rawa har ya ture kofin da ke teburinsa, yara suka taru suna tafa masa. Wata tsohuwa cikin dangin ango ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce jikanta ma haka yake, shekararsa 9, bai taɓa zama ba. Ta sa aka ɗauki hoton kujerar gaba da baya.

Hajiya ba ta yi mini magana ba yinin nan. Wajen la'asar ta zo wucewa da baƙi, ta tsaya, ta ce wa 'yan matan gidan, "ku kuna gani rana na dukansa, ba za ku matsar da shi inuwa ba?" Shi ke nan abin da ta ce. Da za mu tafi an ba ni ƙullin cincin biyu.

Tarin ya ragu sosai tun da na koma ba shi a zaune. Malam Buba, kansa yana faɗuwa gefen hagu in ya gaji, in sa masa matashi ne ko in mayar wa kafinta?

Malam Buba mai kine
Naɗe tawul ki tokare gefen tukuna, ki ga kwana uku. In bai yi ba a ƙara wa katakon hagu tsawo kamar faɗin tafin hannu. Kuma kada ya wuce awa ɗaya a ciki a zama guda, ki sauke shi ya yi rub da ciki a tabarma. Kunnen fa, an auna?

Maman Abba, Garwa
Ba a auna ba tukuna. Sun ce mai na'urar sai ranar Laraba.